Gwaggo a Rumfar Leda

Rumfar tana bayan gida, inda a da ake shanya. Ƙarafa ne aka lanƙwasa aka lulluɓe su da farar leda mai kauri, aka ja baƙar raga a samanta, aka yi mata ƙofa guda ɗaya. Wanda ya kafa ta babban ɗan gidan ne, wanda kowa ke kira Injiniya, ko da yake ba wanda ya taɓa ganin injin da ya gyara. Sana'arsa auren tsiro. A yanke kan ɗan tumatir, a ɗora shi a kan gindin yalo, a maƙale su da 'yar roba. In sun kama juna sai masu gonaki su zo su saya, don irin wannan ba ya jin cutar ƙasa.

Aikin yana son hannun da ba ya rawa da idon da ke ganin kafar allura. Shi ya sa ya faɗa kan Gwaggo.

Gwaggo ƙanwar mahaifinsa ce. Mijinta ya rasu, ba ta taɓa haihuwa ba, ta dawo gidan yayanta da akwati ɗaya da gwangwanin allurai, aka ba ta ɗakin da ke kusa da madafa. Duk rayuwarta ɗinkin hannu ta yi. Ita ta goyi Injiniya yana jariri, har yau kuma Babana take ce masa.

Ranar da ya fara shigar da ita rumfar, ya tsinko ganye ya juya mata bayansa.

"Gwaggo, kin ga nan? Akwai 'yan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan ganye ke fitar da ruwa, kamar yadda mutum ke yin gumi. In iska ta bushe, ga kuma zafi, sai ta yi ta zuƙe ruwan. Mai saiwa ba ruwansa, zai jawo wani daga ƙasa. To wannan da kika yanke wa kai, da me zai ja? Kafin ya kama, dole iskar rumfar nan ta ƙoshi da laima, ta cika har ta rasa inda za ta sa wani ruwan. A nan ne za ta ƙyale ganyen."

"Ashe iska ma tana ƙoshi, Babana?"

"Tana ƙoshi mana. Ke dai ki yanka, ki haɗa, in kin ga allurar can ta fara sauka ki ɗauki famfo ki yi feshi."

"To Allah ya ƙosar da ita," in ji Gwaggo tana dariya.

Allurar da yake nufi ta wani ma'auni ce da ya rataya a ƙarfen tsakiya, mai nuna zafi da laima. Ya haɗa shi da wayarsa. Ko yana ina, da zarar laima ta sauka wayar za ta yi kuka.

Lokacin sanyi abin ya yi daɗi. Gwaggo tana zaune a kan 'yar kujerarta, reza a hannu, tana waƙa ƙasa-ƙasa. Yankanta ɗaya ne, a karkace, ba ta maimaitawa. Matar Injiniya, wadda sunan Amarya ya bi ta har bayan ta haihu, takan leƙo ta ce, "Gwaggo, yau aure nawa aka ɗaura?" Ita kuma ta ce, "Duk na ɗaura, ba wanda ya kawo goro."

Sai zafi ya shigo. Tare da shi wani mai babbar gona ya ce a yi masa tsiro, a yi ta yi kawai, duk abin da aka samu zai kwasa.

Wanda bai taɓa shiga rumfar leda a rufe da tsakar rana ba, ba zai gane ba. Ba irin zafin waje ba ne mai ƙona fata. Wannan danne mutum yake yi. Numfashi kamar ta cikin jiƙaƙƙen bargo. Ledar tana tara raɓa tana ɗigowa a kan ɗankwali. Gumi yana fita, amma iskar ta riga ta ƙoshi, ba ta karɓa, sai ya tsaya a jiki yana kwarara. Gumin da bai bushe ba kuwa ba ya sanyaya mutum, jiki sai ya ƙara fitar da wani. Tsiron suna nan shar, ba su rasa ko ɗigo. Duk ruwan da ke fita a rumfar nan daga jikin Gwaggo yake fita.

Sai ta koyi wata dabara. In abin ya kai mata wuya ta tura ƙofar kamar faɗin tafin hannu, ta sa hancinta a wurin, ta sha iska kaɗan ta mayar.

Ba ta daɗe tana yi ba, ran nan ta ji babur ya tsaya da ƙarfi a ƙofar gida. Injiniya ya shigo da waya a hannu, bai yi sallama ba. Ya wuce ta, ya ɗago tiren da ke kusa da ƙofa. 'Yan tsiron gefen sun sunkuyar da kai.

"Gwaggo, wannan mene ne?"

"Iska na ɗan sha, Babana. Ƙirjina ne ya toshe."

"Iskar da kika sha ita ta sha waɗannan. Na yi miki bayani ko ban yi ba? Ke kina da baki, kina da ƙafa, kina iya haƙuri. Su fa?"

"Ba zan ƙara ba."

Ta yi ƙoƙari. Amma mai zama cikin wannan wuri dole ya sha ruwa, mai shan ruwa kuma dole ya zaga. Kowace fita buɗe ƙofa ce, kowace dawowa buɗe ƙofa ce, wayar kuma ba ta gajiya da kuka.

Amarya ce ta gano maganin abin. Da safe Gwaggo ta ɗauko robar ruwanta za ta shiga, sai Amarya ta tare ta a bakin madafa ta sa hannu ta karɓe.

"Gwaggo, ruwan nan shi ke fitar da ke. Ki sha yanzu ki ƙoshi, in kin fito salla ki ƙara."

"'Yar nan, wurin fa da zafi."

"Zafi a ina? Wurin da ruwa ke zuba ta sama? Ni da nake gaban murhu me zan ce? Kullum ya dawo ni yake sauke wa faɗa a kai, wai ban sa ido ba. Ki tausaya mini mana."

Gwaggo ta ɗaga robar ta sha har cikinta ya yi nauyi, ta miƙa mata.

Ruwan da ke cikin famfon feshi ba na sha ba ne, an zuba masa maganin ruɓa, har wani shuɗi-shuɗi yake yi.

Duk da haka wayar ta sake kuka wata rana, don jiri ya kwashi Gwaggo ta dafa ƙofar ta buɗe. Washegari Injiniya ya zo da guduma da ƙusa ya kafa sakata ta waje. Ba kwaɗo ba ne, sakata ce kawai, irin wadda ko yaro zai iya zarewa da ɗan yatsa.

"Ba don ke ba ne, Gwaggo," ya ce yana gwada ta. "Don iska ce, tana tura ƙofar. Amarya za ta riƙa buɗe miki lokacin salla."

Gwaggo ta dubi sakatar, ta dube shi. Ta ce, "To."

Da yamma ta je wurin yayanta. Baba, mahaifin Injiniya, tun da ya bar aiki wurin zamansa ɗaya ne, kujerar roba a gindin bishiyar tsakar gida, rediyo a cinya. Daga nan yana hangen ƙofar rumfar sarai. Ta durƙusa gefensa.

"Yaya, ina son ka yi wa yaron nan magana."

"Me ya yi, Auta?" Haka yake kiranta tun suna yara, duk da furfurar da ta cika mata kai.

"Rufe ni ake yi ta waje. Ba ruwa. Yaya, wallahi in rana ta take ina jin zuciyata a cikin kunnena."

Baba ya rage muryar rediyon, ya murza gemu.

"Yaron nan ya san aikinsa. Ni da ke me muka sani a kan laima? Kuma ke da kika goye shi, shi ne zai cuce ki?"

"Ban ce zai cuce ni ba."

"To ki yi haƙuri. Abin da muke ci a gidan nan daga rumfar nan yake fitowa. Maganin da nake sha ma daga nan ne. In na buɗe baki yanzu sai a ce tsoho ya fara rikici. Zafin nan ai wucewa zai yi."

Ya mayar da muryar rediyon inda take.

Daga nan kwanakin suka fara cin ta a hankali. Ciwon kai ya zo ya zauna, bai ƙara tashi ba. Da safe sharaɓarta takan ɗaure, sai ta dafa bango kafin ta miƙe. Fitsarinta ya koma kamar baƙin shayi, daga baya ya zama ɗan kaɗan, har ta daina jin tana son zagawa. Amarya ta ce, "Kin gani ko? Jiki ya saba." Kayanta kullum sharkaf kamar wadda aka tsamo daga rafi, leɓenta kuwa a tsage. Wani lokacin takan kai yatsa jikin ledar ta lakato raɓa ta shafa a baki. Ɗacin magani ne da ita.

Buɗewar lokacin salla ma ba kullum take zuwa a kan kari ba. Wata rana Amarya na waya, wata rana yaro ne ya hana ta, wata rana barci ya ɗauke ta. In ta zo takan ce, "Au, Gwaggo, ai da kin buga." Leda kuwa ba ta da ƙara. In ka buge ta lotsawa take yi ta dawo.

Hannun da ba ya rawa ya fara rawa. Reza ta zame ta yanki babban yatsanta, ta yage bakin zane ta ɗaure, ta ci gaba. Yankan ya daina zuwa daidai, wani kai ya fi gindinsa kauri, wani ya zauna a karkace. Injiniya ya zo duba aiki da yamma, ya yi ta zare su yana jefarwa ƙasa.

"Gwaggo, in tsufa ne ya zo ki faɗa mini. Ba dole."

"Kaina ne ke ciwo, Babana."

"Amarya, a karɓo mata maganin zazzaɓi a kemis." Ya karkaɗe hannu. "Ni dai gaskiya nake faɗa. In aikin ya fi ƙarfinki, sai in nemo wani daga waje, shi kuma sai an ba shi wurin kwana. Ɗakuna kuwa kin san yadda suke a gidan nan. Dangin mijinki ai suna nan, ko?"

Dangin mijin da ko gaisuwa ba su aiko ba tun da ta fita takaba. Gwaggo ta sunkuya tana tsince tsiron da ya zubar.

"Zan gyara," ta ce. "Gobe za ka gani."

Ta kuwa gyara. Takan riƙe numfashi, ta dafe gwiwar hannu a kan benci, ta yanka. Ta cika tire bayan tire, layi a miƙe kamar ɗinki.

Ranar da abin ya faru, tun da hantsi garin ya ɗau zafi, iskar waje busasshiya kamar daga bakin tanda. Injiniya ya ja kunnen kowa kafin ya fita, ya ce yau ce rana mafi haɗari, rumfa cike take da sabon yanka, in aka bari wannan iskar ta shiga an gama.

Wajen tsakar rana Gwaggo ta ji wani abu da ba ta taɓa ji ba. Gumin ya tsaya. Sanyi ya fara kama ta, tsigar jikinta na tashi, a cikin wannan wuta. Layin tsiron ya rabu biyu a idonta. Ta ja jiki zuwa ƙofa, ta tura, sakata ta riƙe. Ta buga ledar da tafin hannu. Ta kira Amarya, muryar ba ta wuce haƙoranta ba.

Baba ya gani. Daga kujerarsa yana ganin inuwarta ta cikin ledar, hannu na ɗagawa yana sauka. Ya miƙe tsaye. Ya yi taku kamar zai nufi wurin, sai ya tsaya, ya laluba aljihu ya ciro waya.

"Kai, gwaggonka fa na bugun ƙofa."

"Baba, don Allah kar wanda ya taɓa ƙofar nan yanzu. Rana tsaka ce. A bari ta ɗan karkata, gani nan zuwa."

"To ko ruwa ne a miƙa mata?"

"Ta ina za a miƙa? Ta sha da safe. Baba, ka san Gwaggo da raki."

Baba ya leƙa ɗakin Amarya. Tana kwance gaban fanka tana shayar da yaro. Ta ce ita ba ruwanta, mai abu ya ce kar a buɗe, in ta buɗe wa zai tare mata? Baba ya dawo tsakar gida ya ɗaga murya.

"Auta! Ki ɗan ƙara haƙuri, yana hanya!"

Ya koma ya zauna. Bayan ɗan lokaci ya juya kujerar ta fuskanci bango.

A ciki Gwaggo ta zame ta zauna a ƙasa. Rezar tana hannunta, ba ta ma san ba ta ajiye ta ba. Ta dube ta. Tsakaninta da iskar duniya leda ce kawai, wadda wannan rezar za ta tsarge ta kamar tsohon zane. Ta ɗora bakin rezar a kai. Ta ja kaɗan. Sai ta waiga ta ga tirarrukan, 'yan kawunan da ta yanka da hannunta, kowanne a tsaye a kan gindin da bai riga ya kama ba. Ta tuna fuskar Babana. Ta tuna ɗakin kusa da madafa da akwatinta a ƙarƙashin gado. Ta sauke hannun.

Sai da aka yi la'asar babur ya tsaya. Injiniya ya zare sakatar ya same ta kwance a tsakanin bencina, ido a kafe, baki a buɗe. Ya ƙwala wa Amarya kira. Suka kama ta, shi kafaɗu, ita ƙafafu, suka fito da ita. Ƙafar Gwaggo ba ta gama wuce dokin ƙofa ba ya ce, "Tura ƙofar da ƙafa! Rufe, rufe!"

A asibiti nas ta yi ta neman jijiya tana rasawa. Ta ja fatar bayan hannun Gwaggo ta saki, fatar ta tsaya a tsaye.

"Wannan daga wace hamada kuka ɗauko ta? Babu ruwa a jikinta ko kaɗan. Ga kaya kuma a jiƙe."

"Tsufa ne," in ji Injiniya. "Ba ta son shan ruwa. Kullum sai mun yi faɗa da ita a kan haka."

"Wallahi kuwa," in ji Amarya. "Har roba na saya mata."

Aka rataya mata ƙarin ruwa, wani na ƙarewa ana sa wani. Ruwan yana shiga, ba ya fita. Likita ya ce ƙoda ta daɗe tana wahala, yanzu ta tsaya. Sau ɗaya Gwaggo ta farfaɗo. Ta juya ido ta ga Injiniya a tsaye yana duba waya. Ta motsa baki, ya sunkuyo.

"Babana, ban yanka ba."

"Me?"

"Ledar."

"Na gani, Gwaggo. Kin kyauta."

Ba ta ƙara farfaɗowa ba har ta cika.

Mutane sun zo gaisuwa sosai, don an san Gwaggo, rabin matan layin ita ta yi musu ɗinki. Kowa ya ce ai ta yi sa'ar ɗa, wanda ya riƙe ta har ƙarshe bai kai ta ko'ina ba. Baba yana karɓar gaisuwa yana cewa, "Kwana ne ya ƙare." Mai babbar gonar ma ya zo. Bayan addu'a Injiniya ya ja shi wurin rumfar, suka shiga da sauri suka rufo. Tsiron duk sun kama. Ko ɗaya bai sunkuya ba. Mutumin ya ce bai taɓa ganin aure mai kyau irin wannan ba, a ƙara masa wani kafin zafi ya wuce.

"Hannunta da albarka, Allah ya jiƙanta," in ji Injiniya.

Ɗakin kusa da madafa aka share shi aka jibge buhunan taki. Gwangwanin allurai Amarya ta zazzage shi ta zuba gishiri.

Saura aikin. Injiniya ya ce shi zai riƙa yankan da sassafe kafin ya fita. Amma dole wani ya zauna a ciki da rana, yana kallon allura yana feshi. Amarya ta ce ita tana shayarwa, kuma tana da hawan jini, likita ya hana ta zafi. Na waje kuwa, duk wanda aka kawo ya shiga ya fito sai ya ce zai je ya dawo.

Ran nan da hantsi Injiniya ya zo ya tsaya a gindin bishiya, famfon feshi a hannu.

"Baba, tunda dai zaune kake."

Baba ya ɗago kai.

"Ba wani aiki ba ne. Zaman da kake yi a nan shi za ka yi a can. In allura ta sauka ka matsa, shi ke nan."

"Ni fa ƙirjina..."

"Laima ai tana da kyau ga ƙirji. Kuma zafin nan wucewa zai yi, kai ma ka sha faɗa. Abin da muke ci daga nan yake fitowa, Baba. Maganinka ma jiya na karɓo."

Baba ya dubi ɗakin Amarya. Labule a sake yake, fanka na juyawa. Ya dubi ƙofar gida. Ba kowa. Ya miƙe a hankali, ya rungumi rediyonsa.

"Bar rediyon, laima za ta lalata shi. Ka sha ruwa?"

Amarya ta fito da kofi cike, ta durƙusa ta miƙa masa da ladabi, ta tsaya har ya shanye, ta karɓi kofin.

Ya shiga. Iskar ta danne shi tun daga bakin ƙofa. 'Yar kujerar tana nan inda take, tsumman da ta ɗaure yatsa da shi yana ƙarƙashin benci. Ya zauna. A jikin ledar, kusa da ƙasa, ya ga wani ɗan zanen reza siriri, tsawon yatsa, wanda bai ratsa ba. Yana kallonsa raɓa ta ɗigo masa a wuya.

"Auta," ya ce a hankali.

Ta waje aka tura sakata.